Me za a rubuta a takardar hukuma maimakon “mongolien”?

“Assalamu alaikum Likita. Ni ma'aikaci ne a ofishin jin daɗin jama'a na wata ma'aikatar magajin gari a jihar Damagaram. An ba ni aikin sabunta takardar da muke rubuta naƙasassu a kanta, aka ce in yi ta da Faransanci da Hausa. A tsohuwar takardar na tarar da wani gurbi an rubuta ‘mongolien’, a ƙarƙashinsa kuma ‘débile mental’. Wani abokin aikina ya ce in bar su tunda kowa ya san abin da ake nufi, wani ya ce zagi ne. Shin da gaske zagi ne? In na cire, me zan sa? Da Hausa kuma me zan rubuta, tunda duk kalmomin da na sani ba zan iya faɗar su a gaban uwar yaro ba?”

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Allah ya yi albarka da ka dakata ka tambaya kafin ka kai takardar wurin bugawa. Abin da kake son sani shi ne ko waɗannan kalmomi biyu suna da sauran hurumin zama a takardar hukuma, in kuma ba su da shi, me zai maye gurbinsu a harsunan biyu. Amsata a kan na farko ba ta da kwana-kwana: cire su. Abokin aikinka da ya ce zagi ne ya fi kusa da gaskiya, ko da yake abin ya wuce zagi, domin kalmar farko, wadda ake kiran yara masu lalurar Down (tirizomi 21) da ita, ƙarya ce tun daga tushenta. Sai dai cirewar ita ce mai sauƙi. Inda gumi yake shi ne gurbin Hausa. Masu Faransanci sun gama nasu gyara tun da daɗewa, mu kuwa yanzu harshenmu yake shiga takardun mulki gadan-gadan. Abin da ka rubuta a wannan takarda, in ya yi kyau a ido, wata ma'aikatar a Mirya ko Magarya za ta kwafa ba tare da ta sake tambaya ba. Ni likitar yara ce a nan Damagaram, kuma daga wannan kujera zan ba ka amsa.

Daga ina kalmar ta fito

A 1866 wani likitan Ingila mai suna John Langdon Down, wanda ke kula da wani gidan ajiye masu raunin fahimta da ake kira Earlswood, ya rubuta bayani a kan wasu yara da ya lura sun yi kama da juna kamar ƴan gida ɗaya, alhali ba su haɗa dangi ba. Siffanta su da ya yi ta yi daidai, shi ya sa har yau sunansa yake manne da lalurar. Dalilin da ya bayar ne ya kauce. A zamaninsa Turawa masu ilimi suna jera jinsunan ƴan Adam hawa-hawa, su a sama, sauran a ƙasa. Da ya ga yanayin idon waɗannan yara sai ya ce ai ƴaƴan Turawa ne da suka koma baya zuwa jinsin mutanen Mongol. Ke nan kalmar mutum biyu take mara lokaci ɗaya: tana cewa yaron ya faɗo daga matsayin cikakken mutum, tana kuma cewa al'umma guda ta Asiya ita ce wurin da ake faɗowa. Mu baƙar fata mun san wannan jeri sarai, mun kuma san hawan da aka ajiye mu a kai. Ban ga dalilin da zai sa ma'aikatar magajin gari a Nijar ta ci gaba da riƙe masa wuri a takardarta ba.

Gaskiyar lamarin ta bayyana a 1959 a birnin Paris, lokacin da Jérôme Lejeune da Marthe Gautier da Raymond Turpin suka ƙirga kuromozom na waɗannan yara. Kuromozom su ne ƙananan ƙunshe-ƙunshen da ke cikin kowace ƙwayar halittar jikinmu, masu ɗauke da tsarin yadda za a gina mutum. Kowa yana da 46, an jera su biyu-biyu har 23, rabi daga uwa, rabi daga uba. Su waɗannan yara 47 gare su, domin a jeri na 21 uku ne maimakon biyu. Daga nan sunan “trisomie 21” ya fito, wato uku a lamba 21. A 1961 masana 19 suka rubuta wasiƙa zuwa mujallar likitoci ta The Lancet suna roƙon a daina amfani da tsohuwar kalmar, kuma cikin masu sa hannu har da jikan shi Down ɗin. A 1965 wakilan ƙasar Mongoliya suka kai kuka Hukumar Lafiya ta Duniya, hukumar ta cire kalmar daga takardunta. Don haka wanda ya ce maka ka bar ta, yana roƙonka ne ka riƙe abin da masu shi suka yar tun 1965.

Ita kuwa “débile”, labarinta gajere ne. Da ita da “idiot” da “imbécile” da “arriéré” duk a dā kalmomin likitoci ne na auna matakin raunin fahimta. Sun fita daga asibiti, sun faɗa bakin yara a lakwal da direbobi a tasha, sun zama ashar. Abin da ake rubutawa yau shi ne “déficience intellectuelle”, kuma sabon kundin rarraba cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, bugu na 11 da ya fara aiki a 2022, yana cewa “troubles du développement intellectuel”. Ka lura kuma cewa gurabun nan biyu ba abu ɗaya suke tambaya ba. Tirizomi 21 sanadi ne. Raunin fahimta kuwa sakamako ne, wanda sanadai da yawa kan haifar.

“Ai kowa ya san abin da ake nufi”

Wannan hujja ita ce na fi so in tsaya a kanta, domin abin da nake gani a wurin aiki ya ƙaryata ta. Har yanzu takardun turo marasa lafiya suna zuwa hannuna an rubuta “mongolien” ko “faciès mongoloïde” da biro, kuma ba kowane yaron da ke ɗauke da irin wannan takarda ne ke da tirizomi 21 ba. Wani ya sha wahalar haihuwa ne, iska ta yanke wa ƙwaƙwalwarsa, jikinsa ya sandare ko ya saki. Wani sanƙarau ne ko zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa ya bar shi haka, bayan an haife shi lafiya lau. Wanda ya fi ci mini rai shi ne jaririn da tiroyid ɗinsa, wato halittar nan ta maƙogwaro da kan kumbura ta zama maƙoƙo, ba ya aiki tun daga haihuwa. Shi ma, kamar mai tirizomi, harshensa kan fito, jikinsa ya yi laƙwas, ya yi ta barci, ya ƙi girma. Wannan yaron yana da magani, ƙwaya ce da ake sha kullum, kuma in an fara da wuri ƙwaƙwalwarsa takan tsira. Amma da zarar an manna masa waccan kalma, kowa sai ya sauke hannu, a ce haka Allah ya yi shi, ba wanda zai ƙara neman dalili. Kalmar ta zama kwandon da ake jefa duk yaron da fuskarsa ko tafiyarsa ta saɓa wa ta sauran.

Akwai ma wani ruɗani na daban. Jarirai da yawa a nan ana haifarsu da wani tabo mai shuɗi-shuɗi a ƙugu ko a ɗuwawu, wanda kan ɓace da kansa yayin da yaro ke girma. Tsofaffin littattafan likitanci suna kiransa “tache mongoloïde”, kuma ba shi da wata alaƙa ko kaɗan da tirizomi. Na taɓa karɓar wani uba, malamin makaranta, da ya karanta wannan a karnen awon ɗansa, ya zo jikinsa na rawa, ya riga ya yanke cewa ɗansa ba zai yi karatu ba. Yaron lafiyarsa ƙalau. Da an rubuta “tabo mai shuɗi” da bai rasa barcinsa ba.

Dalilin da ya sa nake nacewa a kira lalurar da sunanta na gaskiya shi ne, sunan yana jawo jerin abubuwan da ya wajaba a duba. Kusan rabin yaran da aka haifa da tirizomi 21 suna zuwa da matsalar zuciya, kuma wasu ba sa nuna alama a makonnin farko, sai an yi hoton zuciya na eko. Tiroyid ɗinsu kan yi rauni, don haka ana auna shi a jini lokaci zuwa lokaci. Ji da gani sukan samu tangarɗa, kuma yaron da ba ya ji sosai magana za ta yi masa nauyi, sai a ɗora laifin a kan ƙwaƙwalwa. Jikinsu kan yi laushi, tsotson nono ya yi musu wuya, ciwon ƙirji ya riƙa kama su. A ƙasashen da ake bin waɗannan abubuwa ɗaya bayan ɗaya, ana kuma yin aikin zuciya, tsawon rayuwarsu ya tashi daga wajen shekara 25 a farkon shekarun 1980 zuwa kimanin 60 a yau. Majalisar Ɗinkin Duniya tana ƙiyasta cewa cikin kowace haihuwa 1,000 zuwa 1,100 ana samun ɗaya. Ka dubi yawan haihuwa a jihar Damagaram ka gane cewa ba maganar yara ƙalilan muke yi ba.

Gurbin Hausa

Ka ce duk kalmomin da ka sani ba za ka iya faɗar su a gaban uwa ba. Wannan ma'auni naka mai kyau ne, ka riƙe shi. Dolo, gaula, sakarai, wawa, taɓaɓɓe, duk ba sai mun ɓata lokaci a kansu ba. “Mai taɓin hankali” ma kada ka sa, domin wannan wata lalura ce dabam, kuma su waɗannan yara hankalinsu bai taɓu ba, koyo ne yake zo musu a hankali.

Wadda ta fi haɗari ita ce “ɗan ruwa”. Mutane da yawa ba su ɗauke ta zagi ba, suna faɗarta cikin tausayi ma. Amma a bayanta akwai labarin da muka tashi muna ji, cewa yaron da wuyansa bai tsaya ba, jikinsa ya yi laushi, yawu na zuba, ba mutum ba ne, aljanu ne suka musanya shi, kuma in aka kai shi bakin ruwa aka ba da baya zai rikiɗa ya koma inda ya fito. Duk wanda ya yi aiki da iyayen irin waɗannan yara ya ji uwar da aka ba wannan shawara, sau da yawa daga bakin wanda take jin nauyinsa. Ranar da wannan kalma ta hau takarda mai hatimin hukuma, ranar an sa wa camfin hannu.

Sai “galahanga”, wadda za ka ji a rediyo, musamman ranar 21 ga Maris, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun daga 2012 domin masu wannan lalura. An zaɓi 21 ga wata na uku ne saboda uku a lamba 21. Kalmar tana da amfani guda, mutane sun san ta. Amma ina da ja a kanta ta fuska biyu. Ƴan jarida suna kiran tirizomi da ita, suna kuma kiran otizim (lalurar da ke sa wa yaro wahalar magana da cuɗanya da mutane) da ita, har da yaran da ƙwaƙwalwarsu ta samu rauni wajen haihuwa, wato ta koma irin kwandon da muke gudu. Sannan a kunnen iyaye da yawa da na yi magana da su, kalmar tana zana hoton mutum mai tafiya galau-galau, baki buɗe. Wasu sun karɓe ta, wasu in ka faɗa sai ka ga fuskarsu ta canja. A hirar rediyo ana iya ambatarta domin mai sauraro ya gane inda aka dosa. A gurbin takarda ban ba ka shawarar ta ba.

Yanzu ga tarkon da masu fassara suka fi faɗawa, kuma shi ne ya fi damuna. Da Faransanci ana cewa “maladie génétique”, sai mai fassara ya rubuta “ciwon gado”. Bahaushe in ya ji gado, tambayar da ke biyo baya ɗaya ce: daga wane gida? Kuma mun san gidan da ake nunawa. Na ga matar da uwar mijinta ta ce ita ta kawo musu wannan iri, na ga ƴanmatan da manema suka janye saboda ƙaninsu. Alhali a kimanin kashi 95 cikin 100 ba a gadon tirizomi 21 daga kowa. Kuskure ne da ke faruwa sau ɗaya wajen rabuwar kuromozom, lokacin da ƙwan mace ko maniyyin namiji ke samuwa, iyayen kuma nasu 46 ne cif. Kashi 1 zuwa 2 wasu ƙwayoyin jikinsu ne kawai ke da ƙarin. Kashi 3 zuwa 4 kuma ƙarin ya manne ne a jikin wani kuromozom, kuma a cikin waɗannan ne kawai ake samun wasu da uwa ko uba ke ɗauke da sanadin. Wannan ya sha bamban da amosanin jini, emasi, inda lallai sai uwa da uba duka sun ba da nasu kafin yaro ya kamu, shi ya sa ake gwaji kafin aure. Auren zumunci ba ya kawo tirizomi. Abin da uwa ta ci, ko fitar da ta yi da magariba, ko wanda ta kalla tana da ciki, duk ba su kawo shi. Abin da aka tabbatar yana ƙara yiwuwar shi ne shekarun uwa: kusan 1 cikin 1,500 a shekara 20, kusan 1 cikin 350 a shekara 35, kusan 1 cikin 100 a shekara 40. Duk da haka ƴan shekara ashirin ma suna haifa, kuma ina ganinsu. Saboda haka in dole ka fassara “génétique”, rubuta “lalurar da ake haihuwar mutum da ita” ko “lalurar ƙwayoyin halitta”, ka bar kalmar gado inda ta dace. Na fi son “lalura” a kan “cuta” kuma, domin cuta a kunnenmu abu ne da ake ɗauka ko ake warkewa, wannan kuwa ba a ɗauka, ba a kuma warkewa. Uwar da aka ce wa cuta ce za ta sayar da akuyarta ta bi masu magani gari-gari.

Wasu za su ce maka ka huta, ka rubuta “masu buƙata ta musamman” ka rufe bakin kowa. A kan takardar, a matsayin take, ba laifi, ko da yake na san naƙasassu manya da suka fi son a ce musu naƙasassu kai tsaye. Amma a gurbin da ake tambayar mene ne ke damun yaro, wannan ladabi ɓoye yaron yake yi. Makaho mai buƙata ta musamman ne, gurgu ma haka, kurma ma haka. In an tattara takardu a ƙarshen shekara ba wanda zai san yara nawa ne ke jiran a duba zuciyarsu. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Shawarata ita ce ka rubuta “tirizomi 21” da harufan Hausa, ka bi shi da ɗan bayani: lalurar da ake haihuwar yaro da ita saboda ƙarin kuromozom ɗaya. Za a ce baƙuwar kalma ce. Haka ne, amma tansiyo da sida da emasi duk baƙi ne, yau tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana faɗarsu. Baƙuntar tata ma wani alheri ne, domin ta zo ba ta ɗauko dattin kowa ba. Ƴan'uwanmu na Najeriya da suka yi karatu da Ingilishi sunan Down suka fi sani, don haka kana iya ƙara “wadda ake kira lalurar Down” saboda mutanen kan iyaka irin na Matamaye da Dungas. A ɗaya gurbin kuma ka sa “jinkirin fahimta da koyo”. Sannan kullum mutum ya riga lalura: “yaro mai tirizomi 21”, kada a ƙera masa suna guda da za a riƙa kiransa da shi daga nesa. Ko a Faransanci, masu lalurar da iyayensu da yawa sun fi son “personne porteuse de trisomie 21” a kan “un trisomique”. Suna linzami ne.

Malamanmu ma sun riga mu wannan bambancewa. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana jifan juna da miyagun laƙabobi. Duk da haka malaman hadisi sun ambaci mutane da laƙabi irin su A'amash da A'araj, mai raunin gani da mai ɗingishi, kuma Imam Nawawi ya bayyana cewa hakan ya halatta in manufar ita ce a gane wanda ake nufi, ya haramta in don a ƙasƙanta shi ne, kuma in akwai wata hanyar gane shi ba wannan ba, ita ta fi. Takardar hukuma tana ambaton lalura ne domin a gane, a kai wa mutum haƙƙinsa. Tunda ga kalmar da ke ganarwa ba tare da ƙasƙanci ba, uzurin tsohuwar ya ƙare. In abokin aikinka bai gamsu da tarihin 1965 ba, gwada masa wannan.

Yadda ake canjin ba tare da an ɓata lissafi ba

Wasu ƙasashe sai da suka yi doka. A Brazil, dokar 1995 ta haramta amfani da tsohon sunan kuturta a takardun gwamnati, aka koma kiranta da sunan Hansen, likitan da ya gano ƙwayar cutar. Duk ɗan Damagaram da ya san yadda unguwar Kara-Kara ta samo asali a matsayin wurin da aka keɓe kutare, da yadda sunan ya bi jikokin da ba su taɓa yin ciwon ba, ba sai an yi masa dogon bayanin abin da ya sa suka yi haka ba. A Amurka kuma, a watan Oktoba na 2010 shugaba Barack Obama ya sa hannu a dokar da ake kira dokar Rosa, da sunan wata yarinya mai tirizomi 21 daga jihar Maryland wadda danginta suka ƙi yarda da kalmar da aka rubuta a takardunta na makaranta. Dokar ta sauya tsohuwar kalmar raunin fahimta a dokokin tarayya na lafiya da ilimi da ƙwadago. Abin koyi a cikinta shi ne ta fayyace cewa sauyin kalma bai taɓa haƙƙin kowa ba, wanda yake samun tallafi jiya zai ci gaba da samu.

Kai ba ka buƙatar jiran sabuwar doka. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, tana da dokar 1993 kan kare su, da ta watan Disamba na 2019 kan shigar da su cikin harkokin al'umma, kuma harshen waɗannan takardu shi ne “personne handicapée”, mutum a gaba. Takardar ofishinku ce ta tsaya a baya, gyara ta kuwa daidaita ta ne da abin da ke samanta. Abin da ya ƙara wa aikinka nauyi shi ne kundin sake fasalin ƙasa na watan Maris na 2025, wanda ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Takardu da yawa za su bi sahun taka. Yadda za a rubuta umarnin da zai game ƙasa duka aikin masana doka ne da ma'aikatun lafiya da na jin daɗin jama'a, ba nawa ba. Amma a matakinka, ka rubuta wa shugabanka ɗan bayani na shafi ɗaya mai jeri biyu, tsohuwar kalma da sabuwa, ya sa hannu, a aika kwafi ga ofishin jiha. Kada ka goge tsofaffin rajistoci, domin in ka goge, yaran da aka rubuta a dā sun ɓace daga lissafi. Ka liƙa wannan jeri a bangon farko na kowace rajista. In akwai wurin lamba, ka sa Q90, lambar lalurar a kundin Hukumar Lafiya ta Duniya bugu na 10, domin lamba ba ta canjawa da harshe.

Wani abu kuma: kada ma'aikacin ofis ya cike wannan gurbi da kallon fuska. Tabbacin ƙarshe gwajin ƙidayar kuromozom ne a jini, wanda ba a yi a ƙananan asibitoci, kuma mu kanmu mafi yawan lokaci da alamomin jiki muke aiki, shi ya sa nakan rubuta “ana zaton” har sai na gamsu. Ka sa a takardar cewa gurbin yana buƙatar shaidar likita. In babu, a rubuta abin da ake gani kawai, kamar jinkirin zama ko tafiya ko magana.

Ba zan ce maka sabuwar kalma za ta buɗe wa yaro ƙofar aji ba, ko ta biya kuɗin hoton zuciya. Ba zan kuma yi maka alkawarin ba za ta lalace ba. “Débile” ma da tsabtarta ta fara, kuma a Faransa yara sun riga sun gutsure “trisomique” suna zagin juna da shi. Muddin raini yana nan, zai nemi kalmar da zai hau. Abin da ke hannun hukuma shi ne kada ta zama ita ce mai koyar da shi, ta kuma riƙa duba takardunta duk bayan ƴan shekaru.

Kuma kada ka ɗauki maganata ta zama ta ƙarshe. A ƙasar Hausa makafi suna da sarkinsu, guragu da kutare ma haka, kuma a yau akwai tarayyar ƙungiyoyin naƙasassu ta Nijar da ke magana da yawunsu. Masu tirizomi ba su da sarki, yawancinsu suna cikin gida, bayan zana, iyayensu mata ne bakinsu. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Kafin a buga takardar, ka tara iyaye ko da biyar ne ko shida, da wakilin naƙasassu na garinku, da duk wani saurayi ko budurwa mai lalurar da ke iya faɗin ra'ayinsa, domin akwai su, kuma suna ji sarai in an kira su da mugun suna. Ka karanta musu kalmomin da ƙarfi ɗaya bayan ɗaya, kana duban fuskokinsu. In suka ƙi wadda na ba ka suka kawo wata, matuƙar ba ta haɗa tirizomi da wasu lalurori a wuri ɗaya ba, ɗauki tasu.

Tunda takardar tana hannunka, ina roƙon ka ƙara layi ɗaya a ƙarƙashin gurbin tirizomi 21: “An duba zuciya da tiroyid? Yaushe?” In uwa ta ce ba a taɓa ba, kafin ta bar ofishinku a nuna mata hanyar sashen yara na asibitin gundumarku, su kuma za su turo ta babban asibitin ƙasa na Damagaram ko cibiyar kula da uwa da yaro in akwai buƙata.